Abin da Ke Barci a Gangar Uwar Sauro

A duk layin babu mai kiran ta Dakta sai mijinta, shi ma sai in tsokana ta motsa masa. Sauran mutane Uwar Sauro suke ce mata, tun daga mai shagon bakin titi har matan da ke leƙowa aron dutsen guga. Ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Takan ce gaskiya suka faɗa, ta yi renon sauro fiye da yadda ta yi renon 'ya'yan cikinta, kuma sauron bai taɓa murguɗa mata baki ba.

Tambayar da ta zame mata sana'a, tun tana 'yar ƙarama ta tsince ta a gidan kakarta. Wata shekara aka yi ruwa kamar sama ta tsage. Kwaruruka suka cika, ciyawa ta kai ƙugu, kowa yana murna dabbobi za su ƙoshi. Ba a je ko'ina ba tumaki suka fara ɓari, yau a wannan gida, gobe a wancan. Da safe sai a tarar da 'yan tumakin da ba su isa haihuwa ba kwance a ƙasa, jiƙe sharkaf kamar tsumman da aka matse aka yar, iyayen suna lasarsu suna kuka. Mahauci ya kwanta da zazzaɓi. Mutumin da ya taimaki tunkiyar kakarta shi ma ya kwanta. Mutane suka sa wa abin suna zazzaɓin ɓari. Da rani ya shigo kuwa, sai cutar ta ɗauke ɗif, kamar an hure fitila.

"Kaka, ina ta tafi?"

"Barci ta tafi yi."

"A ina take shimfiɗa tabarmarta?"

Tsohuwar ta ajiye tsintsiya ta dube ta. "Ke dai da shegen tambaya. In kin girma ki je ki nemo ta, ki tashe ta, ki tambaye ta da kanki."

Yarinya ce mai jin aike. Ta tafi, kuma ba ta dawo ba sai da furfura.

Ta yi karatun likitan dabbobi, ta ɗora wani a kai, ta sami aiki a wata cibiyar bincike da ke bayan gari, inda warin maganin wanke ƙasa da warin taki suke gaisawa a baranda kowace safiya. A lokacin an riga an san sauro ne ke kwasar ƙwayar cutar daga jinin wannan dabba ya kai wa waccan. Abin da ake gardama a kai shi ne inda take fakewa a shekarun da ba a jin ɗuriyarta. Akwai wani irin sauro da ba ya ƙwai a kan ruwa kamar na gida. A danshin laka yake zuba nasa, a gefen kwari. Ruwa ya janye, laka ta bushe ta tsattsage, ƙwan yana nan bai mutu ba, yana jiran ranar da ruwa zai sake rufe shi. Wasu masana suna zaton uwar kan zuba cutar a cikin ƙwan, ta kwanta tare da ɗan har ranar tashi.

Saboda haka, abokan aikinta da damina suke farautar sauro, ita kuwa da rani take fita. Lokacin da kowa yake neman inuwa, za ka gan ta durƙushe a tsakiyar busasshen kwari da 'yar cebur a hannu, tana kankaro fatar ƙasa a hankali kamar mai cire ɓawon ciwo. Ta kawo ta zuba a farantai, ta rufe da raga, ta jira. Wani farantin ta jiƙa shi bayan wata uku, wani bayan shekara. Daga cikin ƙurar da ba ta da alamar rai sai ka ga wasu 'yan zaruruwa sun fara wutsil-wutsil a ruwa. Sau nawa ta ga wannan, amma ko sau ɗaya bai taɓa zame mata abin da aka saba ba. Kullum sai tsikar jikinta ta tashi.

Ta rubuta abin da ta gani a wata gajeriyar maƙala: ƙasar da ta ajiye shekara biyu a bushe, da ta zuba mata ruwa, ta ƙyanƙyashe. A nan ta tsaya, ba don ƙwan ya ƙare ba, sai don an karɓe ɗakin farantan an mai da shi ofis.

Maƙalar kuwa ta yi ƙafa. Ta shiga kundayen ɗalibai, ta shiga littattafai, ta shiga harsunan da mai ita ba ta san inda ake fara karanta su ba, dama ko hagu. Autarta takan nuna mata a waya jerin masu kafa hujja da ita, ta ja da yatsa, ta ƙara ja, jerin bai ƙare ba. "Mama, kin ga ke fa babbar mutum ce, mu ne ba mu sani ba." Sai dai a kan hanya maganar ta canza kama. Inda ta gaji ta zauna, nan masu zuwa a baya suka kafa alamar ƙarshen hanya. Wannan ya kwafo daga wancan, wancan daga wani, har ta zama sananniyar magana cewa ƙwan shekara biyu yake yi ya mutu. Ta ma taɓa jin wani mai tsara rigakafin dabbobi yana cewa in fari ya wuce shekara biyu a huta, ƙasa ta wanke kanta, kuma da sunanta ya rufe bakin masu musu. Ta miƙe a taro ta ce ba haka take nufi ba. Aka tafa mata sosai, aka ci gaba da yadda ake yi.

Ranar da ta yi ritaya, wasu da agogon bango suke komawa gida, ita da ganga ta koma. A cikin gangar akwai buhun ƙasa na ƙarshe da ta kankaro, daga wani kwari da aka yi ɓarin tumaki a kewayensa. Shekarar da aka haifi jikarta ta fari ta ɗebo shi. Yanzu jikar har ta zubar da haƙoran gaba ta sake wasu, tana gyara wa kakanta karatu. Gangar tana sito, a rufe ruf, a bayan tsohon keken ɗinki. Muddin ƙasar tana bushe, ba ta da wata illa da ta wuce ta tare hanya. Ta taɓa gaya wa mijinta kada a kuskura a jiƙa ta. Ya ce to. Amma a lokacin kansa yana cikin wani agogo, kuma duk wanda ya san shi ya san "to" ɗin da ya fito daga cikin agogo ba a riƙe shi.

Mai Agogo ake ce masa. Ya yi rayuwarsa a wani ɗan shago mai faɗin tabarma, da gilashin ƙara girma maƙale a ido ɗaya, har gefen fuskar ya saba da tamukewa. Da waya ta zo ta ƙwace wa mutane duba wuyan hannu, sai ya rufe shagon ba tare da ya yi wa kowa ƙorafi ba. Wasu mazan in sun tsufa rediyo suke runguma. Shi tunkiya ya saya, fara mai baƙin kunne ɗaya, ya sa mata suna Gimbiya, ya kewaye mata wuri a bayan gida. Shekaru tana ci tana ƙiba ba ta ɗauki ciki ba. Aka ce ya sayar, ya ce ba ya sayar da mai sauraron hirarsa. Sai bana Allah ya nufa. Cikin ya fito ya yi ƙasa, nono ya fara cika, Mai Agogo kuwa yana zagaya ta kamar wanda za a yi wa ɗan fari.

A ƙarshen rani Uwar Sauro ta tafi gidan autarta ta yi 'yan kwanaki. Ranar da ta dawo, da la'asar, aka kece da ruwan farko mai ƙarfi. Washegari ta fito da kofin shayi a hannu, ta ga wani tsohon baho a gindin bango, cike da baƙar ƙasa, ruwa ya kwanta a kai. Ta wuce, ta dawo. Ido ne da ya yi shekaru yana kallon ruwa. Ta sunkuya.

"Malam! Ara mini gilashinka."

Ya kawo yana jan takalmi. Ta maƙala a ido, ta kusa tsoma hanci. Ga su nan, siraran zaruruwa, ƙanana kamar gashin ido, suna lanƙwashewa suna miƙewa. Bahon jiya a bushe yake ƙayau. Sauron gida ba shi da saurin da zai yi ƙwai har ya ƙyanƙyashe tsakanin la'asar da hantsi. Waɗannan a cikin ƙasar suka zo.

"Ina ka samo wannan ƙasar?"

"Ƙasa kuma? Duniya cike take da ƙasa, Dakta."

"Wannan baƙar nake nufi."

"A sito. Wata ganga da ta tare mana hanya shekara da shekaru. Na ce bari in yi miki shara kafin ki dawo. Kin ga laushinta kuwa? Tumatir zan shuka."

Ta nemi bokiti ta kife ta zauna. Abubuwa biyu suka taso mata, tsoro da murna, kuma abin kunya, murnar ce ta riga isowa. Suna da rai! Duk waɗannan shekarun a bayan keken ɗinki, cikin duhu, ba ci ba sha, suna da rai. Sai da ta ja numfashi sannan ta auna bahon da ido, ta auna buhun da ta sani.

"Wannan ai ko kwatan buhun bai kai ba. Ina sauran?"

Mai Agogo ya sosa ƙeya. "Kin san ramin nan na wurin Gimbiya, inda ruwa yake kwanciya? Na cike shi."

Bai ciku ba. Ƙasar ta sha ruwa ta lotsa, wurin ya zama ɗan tafki mai faɗin shimfiɗar gado biyu. Gimbiya tana tsaye a bakinsa tana tuƙa, inuwar cikinta tana rawa a kan ruwan. Uwar Sauro ta ɗebo da ludayi ta ɗaga. Ludayin kamar ana tafasa shi.

Ta gaya masa komai a tsaye, ba ta rage ba: inda ta ɗebo ƙasar, abin da ya faru da tumakin wurin, da abin da cizo ɗaya zai iya yi wa cikin Gimbiya in har cutar tana cikin ƙwan. Fuskarsa ta sauya.

"Ina kananzir?"

"Tsaya, Malam."

"In tsaya? Ke da bakinki kika ce ɓari!"

"Tsutsa ba ta tashi sama, ba ta cizo. Sai ta ci ta girma, ta dunƙule, sannan ta fasa ta fito da fiffike. Muna da 'yan kwanaki."

"To a yi wa Gimbiya allura."

"Wadda za mu samu ba a yi wa mai ciki. Ita kanta tana iya jawo abin da muke gudu."

"To me za mu jira?"

Ta dubi ruwan. Yadda za ta faɗa masa take nema. In ma cutar tana kwana a cikin ƙwai, ba kowane ƙwai ba ne, wataƙila ɗaya a cikin dubbai. Abin da ke baho ba zai ce komai ba. Amma wannan tafkin, in aka kwashe shi duka da kayan aiki, aka kai ɗakin da sauro ba ya iya fita, aka bincike su ɗaya bayan ɗaya, zai iya amsa abin da kakarta ta aike ta nema. Kuma babu wani buhu mai shekarun wannan a inda ta sani.

"Ka ba ni kwanakin nan," ta ce. "Zan kira Dogo ya zo da akwatin sanyi da mutanensa. Ranar da na ga sun dunƙule, ko ya zo ko bai zo ba, da hannuna zan kashe su."

Ya dubi tunkiyar, ya dubi matarsa. "Na ji. Amma Gimbiya ba za ta ƙara kwana nan ba."

Dogo tsohon ɗalibinta ne, shi ne yanzu shugaban sashen da ta bari, shi ma kansa ya fara fari. Da ya ji labari a waya sai da ya yi salati, sannan ya yi dariya. Yana can wani ƙauye mai nisa da motar aiki da akwatin sanyin, kuma ruwan jiya ya cinye gadar da za su bi.

"Mama, don Allah ki riƙe mini su. Ana gyara, da an buɗe hanya ina tafe."

"Ba ni ke riƙe da su ba, ɗana. Zafin rana ne. In ya matsa, sauri za su yi."

Suka kwance gidan sauron gadonsu da na ɗakin baƙi, ta haɗa su da allura da zare, suka rufe tafkin, suka danne gefuna da bulo. Bahon ma aka ɗaure masa baki. Gimbiya aka dawo da ita baranda, aka rataya mata wani tsohon gidan sauron, ta ɗanɗana gefensa ta ga ya yi mata, ta ci gaba. Matar maƙwabcinsu ta leƙo ta katanga, ta daɗe tana kallo.

"Uwar Sauro, lafiya? Yanzu kuma sauron ake sa wa gidan sauro, ku ku kwana a fili?"

"Baƙi ne, maƙwabciya. Daga nesa suka zo."

"Allah ya kyauta. Mu dai kada su shigo gaishe mu."

Aka yi dariya, amma maganar ta zauna wa Uwar Sauro a ƙirji. Bayan katangar nan akwai awaki uku, da yara masu wasa ba riga.

Mai Agogo da farko gadi yake yi. Yakan zagaya ragar da kwalbar kananzir a hannu, fuska a ɗaure, kamar mai tsaron fursuna. A rana ta biyu ya ce bari dai ya ga fuskar maƙiyan nasa. Ta ɗiga masa guda a murfin kwalba. Ya maƙala gilashinsa, gefen fuskar ya koma tamukewar da ya saba. Ya yi ta kallo. Shayinsa ya huce.

"Dakta, zo ki gani. Akwai wasu 'yan burushi a bakinsa, suna juyawa."

"Da su yake jawo abinci."

"Ba sa tsayawa fa. Kamar ƙafar agogo. Ga wani abu kuma a bayansa yana bugawa, ana hango shi ta cikin jiki." Ya ɗago. "Shekara nawa kika ce?"

"Tun haihuwar jikarka."

"Agogon da aka ajiye haka ba a wana ba, in ka buɗe shi mai ya daskare, tsatsa ta ci. Wannan wa ya wana shi? Me ya gaya masa yau ce ranar?"

"Ruwa."

"Na san ruwa. Me ruwan ya taɓa a ciki?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsar littafi, sai ta ga amsar ba ta kai tambayar ba. Ta ce, "Wani sashen mun sani. Wani ba mu sani ba." Ya gyaɗa kai da gamsuwa, kamar wannan ce amsa ta farko mai ma'ana da ya taɓa ji daga bakin masu digiri. Tun aurensu yana tambayar ta ya aiki, tana cewa lafiya. Bai taɓa tambayar ta mene ne aikin ba sai yanzu. Daga ranar ya ajiye kwalbar kananzir. Ya jawo kujera bakin raga, yana ɗaga murya yana ba Gimbiya labarin abin da ya gani. Ya lura suna tuɓe fata kamar riga in ta matse su. Ya lura in inuwarsa ta faɗa kan ruwa duk sai su nutse tare, ya yi ta gwadawa da hularsa har ta ce ya bar bayin Allah su ci abinci.

Rana kuwa ta matsa. Kullum tsutsotsin suna ƙara kauri, kullum Dogo yana cewa an kusa.

Wata safiya ta ɗebo da ludayi, ta ga abin da take tsoro. A cikin masu wutsil-wutsil akwai wasu da suka daina kama da zare. Sun dunƙule, kai ƙato, jela a lanƙwashe kamar waƙafi, suna tuntsurawa ƙasa su taso. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ta bi gefen ragar da hannu, ta tarar da inda iska ta goga ta da bulo har ta huje, hujin da babban yatsa zai shiga. Tana tsaye wayar ta yi ƙara.

"Mama, an buɗe hanya! Gobe da azahar ina ƙofar gidanki."

Ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta kashe. Ta shiga kicin ta fito da galan ɗin man girki, da rariya, da bokitai biyu masu murfi. Mai Agogo ya tare ta a bakin shinge.

"Gobe fa ya ce."

"Na ji shi."

"Kwana ɗaya, Dakta. Ki ɗinke hujin. Ni zan zauna a nan in tsare."

"Da me za ka tsare? Da hula?"

"To in kai Gimbiya gidan ƙanena."

"Cikin nan ba na hawa mota ba ne, ka fi ni sani. Kuma awakin maƙwabta fa? Yaransu fa? Kai fa, da kake kwana da hanci a raga?"

"Ke kika ce sai sun yi kamar kwana biyu a dunƙule."

"Waɗanda na gani yau. Waɗanda suka dunƙule jiya a cikin sawun kofato ban gan su ba, su wa ya ƙirga musu?"

Ya yi ƙasa da murya. "Shekara nawa kina neman abin nan. Ni kwana nawa kawai na yi, amma wallahi ina so in sani."

Ta dube shi, tsoho da gilashi rataye a wuya, wanda ranar farko ya so ya ƙone komai. Dariya ta zo mata tare da wani abu mai yaji a ido. Daga baranda Gimbiya ta yi kuka, kukan rainin hankali na mai jiran dusa. Ita kuwa wani kukan ta ji a ciki, na tumakin kakarta a kan 'ya'yan da ba sa motsi.

"Ni ma ina so, Malam. Riƙe mini bokitin."

Suka ɗage gefen ragar kaɗan. Ta yi ta zura rariya tana tacewa tana juyewa a bokiti, shi yana rufewa, har bayanta ya ƙi miƙewa. Abin da suka kwasa bai fi a ce an ɗebi cokali a tukunya ba. Sauran sun watse cikin laka da sawun kofato, inda rariya ba ta kaiwa. Ta ɗaure bakin bokitan da ƙyalle biyu-biyu. Sannan ta buɗe galan.

Man ya sauka a hankali, ya bazu a kan ruwan yana walƙiya, shuɗi da ja da ruwan zinariya, kyakkyawa kamar ba kisa ya zo yi ba. Tsutsotsin suka yi ta tasowa neman iska suna tarar da sama a rufe. Ta tsaya ta kalla har ƙarshe, don tana ganin wanda ya jira shekaru haka ya cancanci a tsaya masa. Kafin la'asar ruwan ya yi tsit. Mai Agogo ya kawo yashi a baro ya binne wurin.

Dogo ya iso washegari kamar yadda ya ce, ya durƙusa ya gaishe su, ya dubi tudun yashin. Ya ɗauki bokitan da bahon kamar mai ɗaukar jariri. Har zai tafi, Mai Agogo ya ce, "Gangar fa? Ban iya kai hannu gindinta ba, bayana ya hana." Suka kifa ta a kan takarda. Busasshiyar ƙasa ta zubo, kamar cikin tafin hannu huɗu, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba. Uwar Sauro ta raba ta a 'yan gwangwanaye ta miƙa wa Dogo.

"Wannan ka jiƙa bana, a ɗakin da ya dace, don ba wanda zai yarda da shaidar makwancin tunkiya. Wannan bayan wasu shekaru. Wannan kuma sai ka ji an ce Uwar Sauro ta riga mu. Kuma in ka rubuta, ka faɗa musu a fili cewa nan ka tsaya, ba nan hanya ta ƙare ba."

"Mama, za su ji kuwa?"

"Ba za su ji ba. Ka dai faɗa."

Bayan 'yan makonni ya kira. Sauron da ya fito daga bokitan irin na kwari ne, ba na gida ba. Cutar kuwa ba a same ta a cikinsu ba. Ko babu ita ne tun asali, ko tana cikin dubban da ke ƙarƙashin yashi, wannan ba mai iya faɗa. Ta yi masa godiya, ta zauna da wayar a cinya. Ta yi zaton za ta ji ciwo. Abin da ta ji ya fi kama da yunwa.

Gimbiya ta haihu wata safiya ana yayyafi, a baranda, a kan ragowar gidan sauron da ta ci rabi. Ɗa guda, fari, da baƙin kunne irin na uwar. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, ya miƙe a kan ƙafafu huɗu masu rawa ya laluɓi nono. Mai Agogo ya durƙusa yana ta hamdala, yana share fuska da hula. Da ya natsu sai ya maƙala gilashinsa, ya kama kofaton ɗan tunkiyar yana dubawa, wai yana so ya ga yadda aka haɗa shi.

Bai ɗago ba ya ce, "Dakta, in ba a cikin ƙwan take barci ba, to ina?"

"Wasu sun ce a jinin namun daji. Wasu sun ce ba ta ma barci, a hankali take yawo ba a lura."

"Ke me kika ce?"

"Ni aike aka yi mini, ban kai ba tukuna."

Ya saki kofaton. Ɗan tunkiyar ya yi tsalle ɗaya na banza ya koma gindin uwarsa.

"Kwarin nan da kika ɗebo ƙasar," ya ce, "mota tana zuwa?"

"Da rani tana zuwa."

"'Yar cebur ɗin taki na gan ta a sito. Ta yi tsatsa, amma zan goge."